Daga Dutsi zuwa Harobanda: Kafuwar Jami'ar Yamai da Aikin Abdu Mumuni

Ran 3 ga watan Agusta 1960, da Nijar ta karɓi mulkin kanta, babu jami'a ko ɗaya a faɗin ƙasar, kuma cikin yara ɗari da suka isa shiga lakwal, waɗanda ke zaune a aji ba su kai biyar ba. Faransa ta shekara sittin tana riƙe da ƙasar, amma abin da ta bari na karatu mai zurfi bai taka kara ya karya ba. Ta buɗe lakwal ne don ta samu tafinta da magatakarda da malamin firamare da mai allura. Yaron da ya yi zarra sai a tura shi makarantar William Ponty can Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi nasu karatun. Ga mafi yawan waɗanda suka je, nan hanya ta ƙare.

A ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke shimfiɗe bisa Dallol Mawri, daga Dogonkiriya da Matankari, a biyo ta Dogondutsi (Dutsi) har Kore Mairuwa da Tibiri da Geceme, lakwal bai samu karɓuwa da wuri ba, kuma da dalili. Waɗanda suka kawo shi su ne mutanen da rundunarsu, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta auka wa Lugu a watan Afrilu 1899, ta ƙone garin Sarauniya. Wanda ubansa ya ga wannan wuta ba zai yi rawar jiki wajen miƙa wa Nasara ɗansa ba. In kumandan ya aiko a kawo yara, akan ɓoye wasu, a tura wasu daji kiwo, a ba da wanda ba shi da mai tsaya masa. Mishan ɗin Katolika da ya zauna a Dogondutsi a ƙarshen shekarun 1940 ya buɗe nasa lakwal, ya kuma yaye yara da dama da suka zama ma'aikata. Shi ilimi dai ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Allo na nan, almajirai na bin hanyar Argungu da Gwandu da Sakkwato, masu magani sun san itatuwansu, manoma sun san ƙasarsu. Abin da aka rasa shi ne gidan da ɗan ƙasa zai koyi likitanci ko lissafi mai zurfi ba tare da ya ƙetare iyaka ba.

Maƙwabta sun riga mu nisa. Ibadan ta buɗe tun 1948, Dakar ta zama cikakkiyar jami'a a 1957, Sardauna ya kafa ta Zariya a 1962, Abijan ta biyo baya a 1964. Ra'ayin Faransa a lokacin shi ne jami'a biyu ko uku sun ishi tsofaffin ƙasashen da ta mulka, sauran su riƙa aikewa da 'ya'yansu. Haka Nijar ta yi shekara goma tana yi, tana biyan kuɗin jirgi da na zama, wasu su dawo, wasu su yi zamansu can. Abin da ya sauya lissafin shi ne tarzomar ɗaliban Dakar ta watan Mayu 1968. Gwamnatin Senghor ta rufe jami'a, ta kwashe ɗaliban ƙasashen waje ta mayar da kowa gidansu. Sai shugabanni suka gane cewa makomar 'ya'yansu tana rataye da rigimar wani gida. Dahomey da Togo suka buɗe nasu jami'o'in a 1970.

Nijar ta yi nata yunƙurin ran 6 ga Satumba 1971, da dokar da ta kafa Cibiyar Ilimi Mai Zurfi ta Yamai. Ba a kira ta jami'a ba tukuna, kuma ɗaliban farko ɗari ne da 'yan kai. An yi wata yarjejeniya mai hikima da Haute-Volta, wadda ake kira Burkina Faso yanzu: Yamai ta ɗauki kimiyya, Wagadugu ta ɗauki adabi da tarihi, kowace ta karɓi ɗaliban 'yar'uwarta. Talauci ne ya sa aka yi haka, amma ya haifar da abin kirki, domin jami'ar Nijar ta fara rayuwarta ne da lissafi da fiziya da kimiyyar sinadarai da ta halittu. Wanda aka ɗora a kanta shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi da ya yi karatu a babbar makarantar horon malamai ta Paris, ya kuma koyar a Madagaska kafin a kira shi. Ministan ilimi na shekarun ƙarshen mulkin Diori shi ma masanin kimiyya ne, Dan Dikko Dankulodo, malamin sinadarai. Ran 20 ga Satumba 1973 wata doka ta mayar da cibiyar Jami'ar Yamai.

An ba ta fili a hagun gari in ka fuskanci arewa, ƙetaren kogin Kwara, a unguwar da Zabarmawa ke kira Harobanda. Ba don gadar Kennedy ba, wadda aka buɗe a 1970, da wannan zaɓi bai yiwu ba. Gadar ce ta haɗa ɗalibai da gari, kuma duk zanga-zangar da za su yi nan gaba ta kanta za ta bi.

Bubakar Ba ya riƙe jami'ar daga 1971 zuwa 1979, shekarun da suka haɗa yunwar 1973 da juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974 da kuma kuɗin yuraniyom na Arlit. Wannan kuɗi ne ya gina azuzuwa da ɗakunan kwana. Makarantar kiwon lafiya ta buɗe a 1974, aka samu ta aikin gona, ta adabi, ta horon malamai, daga baya ta shari'a da tattalin arziki. A 1974 ɗin nan kuma aka shigar da cibiyar binciken al'adu da tarihi, IRSH, cikin jami'a. Ita wannan ta samo asali ne daga reshen cibiyar bincike ta IFAN ta zamanin Faransa, kuma tana da muhimmanci ga Arawa, domin cikin jerin littattafan da irin waɗannan cibiyoyi suka tallafa aka rubuta tarihin da dattawan Matankari da Bagaji da Lugu ke riƙe da shi a ka. Bafaranshe Marc-Henri Piault ya buga littafinsa kan tarihin Mawri a 1970. Da jami'a ta samu, sai 'ya'yan ƙasa suka fara ɗaukar rakoda da kansu suna zama gaban dattawan.

A waɗannan shekaru, duk wanda ya ci bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, yana da tallafin gwamnati, gwamnati ce ke zaɓa masa fannin da zai karanta, kuma ranar da ya gama aiki na jiran sa. Sai mutum ya san gidan manomi a Dankasari ko Dumega zai gane nauyin wannan. Yaro ya bar ƙauye yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ya zo kwaleji a Dutsi, ya zauna gidan wani da aka roƙa ya riƙe shi. Ya ci jarrabawa, ya wuce lise. Ranar da zai tafi Yamai, uwa ta daka masa gari, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma, uba ya sayar da akuya ya ba shi kuɗin mota. Tafiyar kusan kilomita 275 ce, a bi ta Doso. Wata biyu ko uku bayan haka, daga cikin kuɗin tallafin nan yake rage wani abu ya aiko gida a sayi hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Iyayen da kakanninsu suka ɓoye yara sun koma suna roƙon a buɗe musu aji.

A 1979 aka naɗa wa jami'ar shugaba na biyu, kuma shi ne wanda take ɗauke da sunansa yau.

An haifi Abdu Mumuni Jofo ran 26 ga Yuni 1929 a Tasawa, cikin ƙasar Hausa, ko da yake asalin gidansu na Kirtashi ne, a bakin Kwara. Shi ma ya bi ta William Ponty, amma bai tsaya inda aka tsara wa yaran Ponty su tsaya ba. Ya yi bak a Dakar, ya wuce Paris, ya karanta fiziya, a 1956 ya ci gasar agregasiyo, jarrabawar da Faransa ke tace manyan malamanta da ita. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka da ya ci ta a fannin fiziya. Karatu bai hana shi siyasa ba. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, mai neman cikakken 'yanci a lokacin da manyan 'yan siyasa ke tsoron furta kalmar.

Ran 28 ga Satumba 1958 Gini ta ce a'a ga tayin De Gaulle na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Faransa ta fusata, ta janye malamanta da likitocinta da ma'aikatanta cikin 'yan makonni, don ƙasar ta durƙushe ta zama darasi ga saura. Abdu Mumuni yana koyarwa a Dakar a lokacin, da albashi mai kyau da makoma a buɗe. Ya ajiye, ya tafi Konakiri ya shiga aji, kamar yadda Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta da wasu tsiraru suka yi. A ganina wannan mataki ya fi duk takardun shaidarsa bayyana ko shi wane ne. Mutum ne da ke kai iliminsa inda ake buƙatar sa.

A farkon shekarun 1960, har zuwa 1964, yana Tarayyar Sobiyet yana nazarin makamashin rana. Daga can ya zo Bamako, ƙarƙashin Modibo Keita, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana ya riƙe shi har 1969, a tsakani kuma ya kammala babban digirinsa na dakta a Paris a 1967. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, wanda ya shugabanta har 1985.

Ya kamata a tsaya a kan abin da ake yi a wannan ofishi, domin mutane da yawa sun san sunan mutumin ba su san aikinsa ba. Tambayar da ya tashi da ita mai sauƙi ce: ƙasar da ba ta da teku, take sayen mai da tsada, itacenta ke ƙarewa, me take da shi wanda ba ya yankewa? Rana. Sai ya shiga ƙera abubuwan da za su sa ranar nan aiki. Akwai na'urar ɗuma ruwa: akwati ne shimfiɗaɗɗe, cikinsa farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, da bututu a jikinsa, an rufe samansa da gilashi. Baƙin ƙarfen ya sha zafi, gilashin ya hana zafin fita, ruwan da ya yi ɗumi ya hau da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, ba lantarki, ba injin. Akwai murhun rana, faifan ƙarfe mai ƙyalli da aka lanƙwasa kamar ƙwarya, yana tattara hasken da ya faɗo masa ya zuba shi wuri guda a gindin tukunya. Akwai na'urar tace ruwa, da ta busar da kayan lambu da nama, har da injin da suka haɗa gwiwa da kamfanin Spilling na Jamus suka ƙera, mai aiki da zafin rana. ONERSOL tana da sashen bincike, tana da masana'anta a Yamai inda 'yan ƙasa ke yanka ƙarfe suna haɗawa, kuma an kafa na'urorin ɗuma ruwanta a rufin gidaje da ma'aikatu. Wannan duk a shekarun 1970 ne, lokacin da ƙasashe masu arziki ma ba su ɗauki makamashin rana da muhimmanci ba sai da farashin mai ya haukace a 1973.

Ba duk abin da aka ƙera ne ya shiga gidaje ba. Murhun rana, alal misali, yana son a yi girki da tsakar rana a fili, a riƙa juya shi yana bin rana, alhali matar ƙauye tuwon dare take tuƙawa bayan la'asar, kuma tuƙin tuwo yana son tukunya ta zauna daram. Ga tsada. Amma duk macen da ta taɓa fita da asuba daga wani ƙauyen Sukukutan neman itace, ta dawo da hantsi da ɗan dami a ka, ta san cewa matsalar da malamin ya sa a gaba ta gaskiya ce, kuma har yau ba a warware ta ba.

Kafin duk wannan, a 1964, ya buga littafi a Paris mai suna L'éducation en Afrique, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968. A ciki ya fara da bayanin tarbiyyar gargajiya, yadda yaro ke koyo ta hanyar aiki tare da manya, sannan ya tone asirin lakwal ɗin mulkin mallaka, ya nuna cewa an gina shi ne don samar da mataimakan Nasara, da gangan aka taƙaita shi. Ya yi gargaɗin cewa ƙasashen da suka samu 'yanci suna ɗaukar wannan tsari ɗungurungum suna faɗaɗa shi ba tare da sun sauya ruhinsa ba. Shawararsa ita ce a koyar da yara cikin harsunansu, a haɗa karatu da aikin hannu da noma, a ba kimiyya da fasaha babban gurbi. Mutumin da ya ci gasar da ta fi kowace wuya cikin Faransanci shi ne ke cewa a koya wa ɗan Tibiri lissafi da Hausa. Nijar ta gwada wani abu mai kama da haka tun 1973, da ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma an bar makarantun nan suna gwaji shekara da shekaru.

Da wannan tarihi ya hau kujerar shugaban jami'a, ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1982. Shekara uku ba su da yawa, kuma sun faɗo a mugun lokaci. Farashin yuraniyom ya fara faɗuwa, baitulmali ya fara ƙafewa, gwamnatin soja kuma ba ta son jin ƙorafi daga ƙetaren kogi, inda ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa tun 1960, ta zama kusan murya ɗaya tilo da ke iya cewa a'a. Shugaban jami'a a irin wannan hali yana tsakanin masu bindiga da masu allo. Abin lura a nan shi ne kujerar ba ta raba shi da aikinsa ba. Yana shugaban jami'a, yana riƙe da ONERSOL, yana kuma shiga aji. Da ya sauka, bai nemi minista ko jakada ba. Ya ci gaba da koyar da fiziya a jami'ar har ƙarshen ransa. Wannan shi ne gadon da ya fi bari ga masu riƙe jami'o'i: shugabanci wa'adi ne da malami ke karɓa ya sauke, ya koma wa ɗalibansa.

A 1984 aka mayar da makarantun jami'ar tsangayoyi. Shekarar ce kuma fari ya sake cinye amfanin gona, ƙasa ta ƙara shiga hannun masu ba da bashi, Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Ra'ayinsu a lokacin shi ne ƙasa matalauciya ta zuba kuɗinta a firamare, ta rage abin da take kashewa a jami'a, ta tsuke tallafin ɗalibai, ta daina ɗaukar duk wanda ya gama aiki. Alkawarin da ya sa manomi ya sayar da akuyarsa ya fara warwarewa. Ran 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Shaibu, ɗalibai suka fito daga Harobanda za su shiga gari don nuna ƙin amincewa da waɗannan matakai. Jami'an tsaro suka tare su a gadar Kennedy suka buɗe wuta. Hukuma ta amsa cewa ɗalibai uku sun mutu, da dama sun ji rauni. Jinin nan ne ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda malamin tarihi na jami'ar, André Salifu, ya shugabanta. Har gobe ɗaliban Nijar na tunawa da 9 ga Fabrairu kowace shekara.

Abdu Mumuni bai ga taron ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa jami'ar tsanani. Albashi ya riƙa makara, tallafin ɗalibai ya taru wata da watanni ba a biya ba, darajar sefa ta karye da rabi a watan Janairu 1994, littafi da kayan ɗakin gwaji suka ninka kuɗi. Yajin aiki ya bi yajin aiki, aka yi shekarun da suka tashi a tutar babu, ba jarrabawa ba sakamako. Digirin shekara huɗu ya koma na shida ko bakwai. Iyalai da dama a Arewa, da yake iyaka na kusa kuma 'yan'uwa na Kangiwa da Birnin Kabi, sun juya akalar 'ya'yansu zuwa Sakkwato, inda aka kafa jami'a tun 1975. Duk da haka gidan bai rushe ba, kuma wannan yabo ne ga malaman da suka zauna alhali suna da inda za su. A wannan zamani ne malamai suka samu 'yancin zaɓen shugabansu da kansu, kuma ta wannan hanya Buli Ali Jallo, masaniyar ilimin halittu, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar, daga 1999 zuwa 2005.

Matsalar da ta fi kowace girma daga baya ita ce yawa. Gidan da aka fara da ɗalibai ɗari ya wayi gari da dubun dubata. Ɗakin kwanan mutum biyu ya koma na shida, wanda bai zo da sassafe ba a tsaye zai ɗauki darasi, ko ta taga. Ba yadda za a yi jami'a guda ta ɗauki ƙasar da yawan jama'arta ke ninkawa cikin shekara ashirin. Akwai Jami'ar Musulunci ta Sayi da ta buɗe a 1986, amma ita ta ƙasashen Musulmi ce baki ɗaya. Sai aka fara buɗe cibiyoyin fasaha a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 aka mayar da su jami'o'i. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Tillaberi da Doso. Sunayen da wasunsu ke ɗauke da su yanzu tarihin Harobanda ne: ta Maraɗi Dan Dikko Dankulodo, ta Tillaberi Bubakar Ba, ta Damagaram André Salifu, ta Tawa masanin tarihi Jibo Hamani. Yawancin malaman da suka tashe su ma yayen Yamai ne.

Ga ɗan Arewa, Jami'ar Doso ta rage tafiya da rabi, domin tsakanin Dutsi da Doso bai kai kilomita 140 ba. An ba ta fannin fasahar zamani, kwamfuta da sadarwa. Ba na raina wannan fanni, kuma matasanmu na buƙatar sa. Amma jihar Doso jihar noma ce da kiwo, kuma duk wanda ya zaga fadamun Dutsi da Matankari da rani ya ga yadda noman dankalin Turawa da kayan lambu ya bunƙasa, ya kuma ga yadda manomi ke karyar da kayansa a kasuwa lokacin girbi don ba shi da wurin ajiya mai sanyi. Ya ga faifan sola a kan rijiyoyin burtsatse da rufin shaguna, kusan duk daga Sin aka yo odar su, in sun lalace kuma mai gyara sai an nemo. Ranar da Abdu Mumuni ya yi wa aiki shekara talatin ta shigo ƙauyukanmu, amma a kwali ta zo daga waje. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kabi bayan juyin mulki, ƙasa duka ta ɗanɗana kuɗar dogaro da wutar wani, shekara hamsin bayan malamin ya nuna inda mafita take. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, da ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, mataki ne mai kyau, sai dai sun zo a makare.

Akwai kuma batun wanda zai riƙe jami'a. A 2019 gwamnati ta sauya doka, ta karɓe zaɓen shugabannin jami'o'i daga hannun malamai ta mayar da shi naɗi, ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yajin aiki a kai. Masu goyon bayan naɗi na cewa zaɓe ya jawo ɓangaranci cikin malamai, kuma mai biyan kuɗi yana da hakkin sa ido. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma Bubakar Ba da Abdu Mumuni kansu naɗa su aka yi. Amma su an naɗa su ne don babu mai ja da iliminsu, kuma ba su da abin da suke nema a wurin mai naɗin. Ni dai ina tare da zaɓe, domin shugaban da takarda ɗaya daga fadar gwamnati za ta iya tuɓe shi da wuya ya faɗa wa gwamnati abin da ba ta so ji.

Arawa da suka bi ta Harobanda yau suna da yawa: likitoci, alƙalai, injiniyoyi, malaman jami'a, manyan ma'aikata. Kusan kowannensu da kuɗin talaka ya yi karatu. Kirana gare su shi ne su waiwayi Jami'ar Doso tun tana ƙarama, su matsa a buɗe mata sashen makamashin rana da na sarrafa amfanin gona, da reshen gwaji a Dallol Mawri inda ɗalibi zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da manomin dankali da mai gyaran famfo. Su nemi a fassara littafin Abdu Mumuni zuwa Hausa da Zabarmanci, don malamin firamare na Geceme da iyayen yaran da yake koyarwa su karanta abin da ya faɗa a kansu tun 1964. Hukumomin garuruwan Dogondutsi da Tibiri kuma su ware wani abu cikin kasafinsu don 'yan matan da suka ci bak amma rashin masauki ya hana iyayensu barin su tafi.